Ɗakin Inna da Littafin Bashin Kawu

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Ayyuka biyu ne suka haɗe mini a ranin nan, kuma duka na gida ne, babu wanda zan iya ce wa dakata. Na farko gyaran gidanmu a nan ƙauye, tsakanin Ringim da Taura. Ƙanena zai yi aure bayan babbar Sallah in Allah ya kai mu, dole a fitar masa da ɗaki. Ga kuma ɗakin Inna da zaure, tun ruwan 2022 da ya yi wa Jigawa ɓarna gindinsu ya zaizaye, lallaɓawa kawai muke yi kowace damina.

Na biyu manhajar waya ce da na rubuta wa Kawu shekara biyu da suka wuce. Shagon taki da iri da maganin feshi gare shi, kuma rabin cinikinsa bashi ne. Manomi ya ɗauki taki da damina ya biya da kaka, mai noman rani ya ɗauka da sanyi ya biya in ya yanke shinkafa ko ya cire albasa. A kwana tara na rubuta ta, da daddare bayan na taso daga makarantar da nake koyarwa. Wayar Android ce, bayanan suna cikin wayar, ba a buƙatar data. Tana aiki, amma ni na san abin da na binne a ƙarƙashinta saboda sauri.

Na buɗe wannan kundi don kada kuɗi su sulale ban san inda suka shiga ba. Abin da muka haɗa, ni da Yaya da ƙanena, naira miliyan 1 da dubu 200 ne. Wa'adi kuwa ba mu muka yanka ba, kafin ruwan farko ya sauka dole rufi ya rufu.

Talata, 14 ga Janairu

Baba magini ya zo da hantsi. Shi ya taya marigayi mahaifinmu gina zauren nan lokacin yana saurayi, yanzu gemunsa fari fat. Bai taɓa komai ba sai da ya zagaye gidan sau biyu, yana ƙwanƙwasa bango da ƙotar sandarsa yana kasa kunne. Inda laka ke da lafiya sautin a toshe yake, inda ta rabu da tubali kuwa sai ka ji kamar ganga.

Buƙatar Inna ɗaya ce, a toshe ƙofar ɗakinta da ke kallon gabas, a buɗe wata ta arewa. Hadari daga gabas yake taso mana, duk damina sai ta naɗe tabarmi ta ɗage kwanuka daga bakin ƙofa. A ganinta aikin yini guda ne.

Baba ya shiga ɗakin, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rufi, sannan ya kira ni.

"Zo ka gani, ɗan nan. Azarar nan a kan wane bango ta kwanta?"

Na duba, na ce, "Kudu da arewa, Baba."

"To inda Hajiya take son ƙofa, kan azara shida ne a wurin. Sama da su ga zana, ga laka mai kaurin taki guda. Ka fasa nan yau, gobe ka kwashe rufi a tsakar ɗaki."

Ya ce za a iya, amma sai an tokare rufin, an ta da ginshiƙi gefe da gefe, an gicciya azara mai ƙwari a saman ƙofar ta karɓi nauyin. Aikin yini ya koma na mako biyu. Abin da ya burge ni, Inna ba ta yi gardama ba. Ta ɗaga kai ta ƙirga azarar da idonta, ta ce, "Haka ne kuwa." Magana ta ƙare.

Ladansa naira 5,000 a yini, leburori biyu 2,500 kowanne, abincin rana daga gare mu.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na raka Kawu kasuwar Gujungu. A hanyar dawowa ya ce, "Af, akwai ɗan ƙaramin abu da nake so ka ƙara mini a wayar nan. In mutum ya biya da riɗi ko gero, ta riƙa nuna tiya nawa ya kawo, da ranar, da farashin da aka yi masa. Na san ba zai ɗauke ka dare ɗaya ba."

Sai ɗakin Inna ya faɗo mini a rai, don ƙofar arewa ce sak.

Ga yadda na gina ta tun farko. Kowane mai bashi layi ɗaya gare shi a rumbun bayanai: suna, lambar waya, da adadin da ake binsa. In ya biya, sai a goge tsohon adadi a rubuta sabo. Ke nan manhajar ta san nawa ya rage, amma ba ta san yadda aka yi aka zo nan ba. Abin da Kawu ke nema tarihi ne, ni kuma ban tanadi inda tarihi zai zauna ba. Shafin jimillar bashi, da jerin waɗanda wa'adinsu ya cika, da saƙon tuni da ake tura wa manoma, duk a kan wannan adadi guda suka kwanta.

Na fara yi masa bayani, na ga bai gamsu ba. Ya ce, "Watan jiya na ce ka ƙara girman rubutu ka canza launi, kafin in gama alwala ka gama. Wannan ma ai rubutu ne."

Ba laifinsa ba ne. Inna tana iya ɗaga kai ta ga abin da ke ɗauke da rufinta, Kawu kuwa gilashin waya kawai yake gani, a wurinsa farar ƙasa da ginshiƙi duk abu ɗaya ne. Da muka isa shago na ɗauki kwalin maganin feshi na zana masa ɗaki a bayansa, na ja azara uku, na rubuta sunan kowane shafi a kan kowace, na nuna masa bangon da suka hau. Na ce, "Kawu, launi shafe ne. Wannan bangon kake so in fasa." Ya juya kwalin ya sake juyawa, ya ce, "To kada ka rushe mini shago. Wata nawa?" Na ce kafin azumi ya raba, in sha Allah.

Alhamis, 23 ga Janairu

Amalanke 24 na jar ƙasa, naira 2,000 kowace, 48,000. Ramno 9,000. An jiƙa, an tattake, an bar ta ta kwana biyu kafin a sake juyawa. Sanyi ya hana leburori shiga laka sai rana ta ɗaga.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yaya ya zo daga Kano. Da yake ɗan fari ne Inna ba ta kama sunansa, "wancan na birni" take cewa, amma tun jiya take jiƙa gero don furarsa. Da ya ga tulin laka a tsakar gida ransa bai so ba. Ra'ayinsa a rushe ɗakin da zauren gaba ɗaya, a zuba bulo da siminti, a buga kwano, a huta da yaɓe har abada.

Muka zauna a zaure bayan la'asar da Baba magini, aka yi lissafi. Bulo, rodi, siminti, yashi, katako, kwano da ladan birkila, abin ya haura miliyan 4. Baba bai tsaya a kuɗi ba, ya yi wa Yaya tambaya ɗaya: "Alhaji, wata uku ko huɗu da za a yi ana ginin, Hajiya a ina za ta riƙa kwana?" Ya ƙara da cewa soron laka a watan Afrilu ya fi ɗakin kwano sanyi nesa ba kusa ba, kuma dattijuwa ce mai hawan jini.

Na goyi bayan Baba, amma a cikina na san abin da Yaya yake ji, don daren jiya ni ma na buɗe sabon fayil da niyyar sake rubuta manhajar Kawu daga tushe. Sabon gini yana da daɗi, babu kuskuren jiya a cikinsa. Sai dai masu wannan sana'a suna da labarin da suke jan kunnen juna da shi. A 1998 kamfanin Netscape na Amurka, mai manhajar shiga intanet, ya ajiye tsohon rubutunsa ya koma gini daga farko. Sabuwar ba ta fito ba sai ƙarshen 2000, kafin nan Internet Explorer ta Microsoft ta kwashe kasuwa. Tawa manhajar ba ta kai ƙurar tasu ba, amma a cikinta akwai ƙananan gyare-gyare na shekara biyu da ni kaina na manta dalilinsu, irin su yadda take karɓar rabin buhu, da yadda take gane suna ko an rubuta shi da ƙugiya ko babu. In na rushe, sai Kawu ya sake cin karo da kowane ɗaya kafin in tuna. Kuma shago ba zai rufe ya jira ni ba, yanzu ma ake tsakiyar noman rani.

Mun tsaya a kan haka: ɗakin Inna da zaure gyara, ɗakin ango sabo, da harsashin siminti da bulo sahu uku saboda danshi, sama tubali, rufin kwano. Yaya ya yarda, ba da son ransa ba. Ni kuma na goge sabon fayil ɗin.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Tubali ya bushe, iskar hunturu ta taimaka. An haƙa harsashin ɗakin ango. Bulo 300 a kan 550, 165,000. Siminti buhu 14, 140,000. Azara 18, naira 4,000 kowace, kuma sai da aka sha nema, giginya ta yi ƙaranci a yankin nan.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Mako mai nauyi. Da aka kankare tsohon yaɓe a bangon arewa don a ga inda ginshiƙi zai zauna, sai ga hanyar gara ta hau tun daga ƙasa har rufi. Azarar giginya gara ba ta cika cin ta ba, shi ya sa magabata suka zaɓe ta. Amma a wani gyara da aka yi shekarun baya, da azara ta gaza, an cike da itacen darbejiya guda goma aka shafe da laka. Baba ya soka wuƙa a ɗaya, ta shige har ƙota, gari ya zubo masa a hannun riga. Watau shekara da shekaru Inna tana kwana a ƙarƙashin wannan. Jikina ya yi sanyi. Ba na zargin wanda ya yi, wataƙila damina ce ta matso kuma abin da ke hannu ke nan, sai dai babu wanda ya faɗa wa na baya. Ƙarin azara 10, 40,000, da amalanke 10 na ƙasa. An mayar da Inna ɗakin matata.

A daren ranar na samu tawa darbejiyar. Da lambar waya manhajar ke bambance mutum da mutum, saboda a garin nan sai ka samu mutum bakwai suna ɗaya, sunan uba ɗaya. A lokacin dabara ce mai kyau a ganina. Da na zauna ina duba bayanan ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar da abin da yaron shago yake yi don aiki ya tafi. Wanda ba shi da waya, sai ya ƙirƙira masa lamba. 'Yan gandu ɗaya, wa da ƙanne uku masu waya ɗaya, an cusa bashinsu a layi guda. Waɗanda aka rufe wa layi bara saboda ba su haɗa shi da lambar NIN ba suka sayi sabo, sun zama mutum biyu-biyu, tsohon bashi a can, sabo a nan. Na ƙirga irin waɗannan 23 cikin mutum 214.

Yaron bai yi laifi ba, ƙofar da na bar masa ita ya bi. Gyaran shi ne kowane mutum manhaja ta ba shi lambar shaida tata ta kanta, doguwa, wadda ba ta canzawa kuma ba wanda zai gan ta, lambar waya ta koma bayani kawai kamar sunan unguwa. Wannan ma wani bangon ne mai ɗauke da rufi, kuma ba ya cikin wa'adin da na ba Kawu.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yau aka fasa ƙofar arewa, na tsaya daga farko har ƙarshe. Sun kafa gumagumai huɗu a cikin ɗaki suka tokare azarar. Ginshiƙan biyu an ta da su tun farkon mako sun sha iska. Aka zura azara uku a haɗe a samansu, aka cike tsakani da laka, sai bayan nan Baba ya ɗauki diga da kansa ya fara cire tubali daga sama zuwa ƙasa, ɗaya-ɗaya. Tsohuwar ƙofar gabas tana nan a buɗe, ya ce ba za a toshe ta ba sai sabuwar ta yi mako ana shige da fice.

Tsarin da zan bi ke nan. Rumbun da ke cikin wayar SQLite ne, kuma ba ya barin a sauya ginshiƙin tebur kai tsaye, wato abin da ake bambance layi da layi da shi a jadawalin bayanai. Hanyar da masu shi suka shimfiɗa ita ce ka gina sabon tebur a gefe, ka kwashe bayanai ka zuba, ka sauke tsohon, sannan ka ba sabon sunansa. Na ƙara teburin da na kira shige da fice. Duk abin da ya faru, ɗauka ko biya, kuɗi ko hatsi, layi ne sabo da ranarsa, ba a gogewa, in an yi kuskure sai a rubuta layin gyara a ƙasa. Abin da ake bin mutum kuma lissafa shi za a riƙa yi daga waɗannan layuka. Tsohon adadin zan bar shi na wata guda, manhaja tana kwatanta su a ɓoye, in sun saɓa ta nuna mini. Wani masanin manhaja, Martin Fowler, ya kwatanta irin wannan sauyi a 2004 da bishiyar da ya gani a Ostareliya, mai tsirowa a jikin wata har ta maye gurbinta. Mu nan ceɗiya muke gani tana yi wa giginya haka.

Da na faɗa wa Kawu ba za a ƙara goge komai ba, ya ji daɗi, ya ce ai aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Na kwafi bayanan wayar shago na ajiye a kwamfutata.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi biyar. Magina daga asuba zuwa ƙarfe 11 suke aiki. Ni kuma bayan asham, in batirin sola ya yarda. Bangon ɗakin ango ya kai linta.

Laraba, 12 ga Maris

Na yi ɓarna yau, kuma zan rubuta ta yadda ta faru.

Bayan azahar na je shago na sa sabuwar manhajar a wayar Kawu. Ta buɗe lafiya, shafi fes, babu suna ko ɗaya. Mutum 214 sun ɓace. Na rufe na sake buɗewa, haka. Gumi ya karyo mini, ga azumi, ga manomi a tsaye da buhun shinkafa a kan babur ya zo biya.

Dalilin bai ɗauke ni minti goma ba. Kowane tsarin rumbu yana da lamba. Wayata, inda nake gwaji, tana kan tsari na 4, na rubuta hanyar ƙaura daga 4 zuwa 5 na gwada ta har sau ashirin. Wayar shago kuwa tana kan na 3, saboda wani ƙaramin gyara na bara a wayata kaɗai na sa shi. Babu hanya daga 3. Kuma tun kwanakin farko na bar wani layi a rubutun, wanda ke cewa in ba a samu hanyar ƙaura ba a share komai a fara sabo. Lokacin gwaji yana da amfani, a wayar da ke ɗauke da dukiyar mutane kuwa bai kamata ya kwana ba. Shekara biyu yana nan. Kwafin da na ɗauka ranar 22 ga Fabrairu yana kwamfutata, da shi ya kamata in yi gwajin, ban yi ba. Kuma ban ɗauki sabon kwafi ba kafin in taɓa wayar yau. Na cire tubali ban tokare rufi ba, ni da na tsaya na kalli yadda ake yi.

A nan ne na ga inda kwatancen nan ya rabu biyu. Rubutun manhaja ya fi laka sauƙin kai, ina ajiye shi da Git, manhajar da ke adana tarihin kowane sauyi, duk abin da na ɓata ina iya komawa yadda yake jiya, abin da Baba magini ba zai taɓa samu ba. Amma bayanan mutane ba su da wannan rangwame. Su ne masu kwana a ɗakin.

Na faɗa wa Kawu gaskiya, ban rage komai ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Na kwana nawa ne babu?" Na ce 18. Ya sa hannu ƙarƙashin kanta ya jawo littafi mai bangon kwali. Ashe bai taɓa barin yaron shago ya daina rubutawa a takarda ba, ni kuwa na sha ce masa wahala ce biyu. Bai tuna mini da wannan ba. Cewa ya yi, "Ka zo bayan an sha ruwa mu zauna."

Asabar, 15 ga Maris

Dare uku muna kai, ni da yaron shago, yana karantowa ina shigarwa. Shigarwa 61. Guda 57 sun fito daga littafi, huɗu an yi su ranar da littafin ke gida. Kawu ya aika aka kira mutanen, kowa ya faɗi abin da ya ɗauka, ɗaya ma ya faɗi fiye da abin da Kawu ya tuna. Allah ya saka musu.

Na cire wancan layi mai share komai. Yanzu kafin kowace ƙaura manhaja tana ajiye kwafi da kanta, kuma duk Juma'a tana tambaya a tura kwafi zuwa wayata.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi, aiki ya dawo Alhamis. An buga kwanon ɗakin ango, bandir biyu 130,000, katako da ƙusa 95,000.

Gardamar yau a kan shafe ce. Ƙanena yana so a yi wa bangon zaure filasta da siminti ta waje, don 'yan kawo amarya su ga gida ya yi kyau. Baba ya ƙi. Ya kai shi bayan wani gida a unguwa inda aka yi haka, ya nuna masa yadda simintin ya ɓamɓaro falle-falle. Ya ce siminti ba ya kama laka, kuma in ruwa ya sami tsaga ya shiga bayansa ba ya fita, sai bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye fuska tana sheƙi. Makuba za a yi, ta ɓawon ɗorawa, kamar yadda aka saba, a riƙa sabuntawa. Ƙanena ya ce, "Baba, wato aikin ba ya ƙarewa ke nan?" Baba ya ce, "Gidan da ake kwana a ciki ai ba ya ƙarewa."

Na daɗe ina jin ana kwatanta rubuta manhaja da gini. Kalmomin aikin ma daga wurin magina aka aro da yawansu, har tunanin wani masanin zanen gine-gine, Christopher Alexander, masu manhaja suka ɗauka suka yi ta aiki da shi. Amma ginin da suke nufi na kankare ne, wanda ake zanawa a takarda, a gina, a miƙa makulli. Ni a ganina manhaja ginin laka ce. Ana yin ta da abin da ke kusa, tana karɓar gyara, kuma duk shekarar da aka tsallake yaɓe damina za ta karɓi rabonta. Wani masanin manhaja, Ward Cunningham, ya kira wannan "bashi" a 1992, wai saurin da ka yi yau rance ne, kana biyan kuɗin ruwa har ranar da ka gyara. Maganarsa gaskiya ce, lambar wayar nan ta ci mini dare goma sha. Sai dai in zan yi wa Kawu bayani ba zan ce kuɗin ruwa ba, yaɓe zan ce, don ya san abin da ke faruwa da katangar da aka yi shekara uku ba a taɓa ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

An toshe ƙofar gabas, an bar ƙaramar taga a sama. Inna ta koma ɗakinta. Ta ce a matsar mata da maratayin ƙwarya kusa da sabuwar ƙofa, wannan kam aikin minti biyar ne.

Wata guda tsohon adadi da sabon lissafi suna tafiya tare. Sun saɓa a wuri uku, duka ukun tsohon ne ya yi kuskure. Na sauke shi. Mutum 23 ɗin nan mun warware su da Kawu ɗaya-ɗaya, don shi ya san wane ne wan wane, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jiya aka karɓi biya na farko da hatsi a sabon tsari, tiya 30 ta shinkafa.

Asabar, 10 ga Mayu

Lissafi ya kama miliyan 1 da dubu 325. Mun haura da 125,000, Yaya ya cike 80,000, ni sauran. Ladan aiki kaɗai 410,000, ƙofofi biyu da taga 120,000, ruwa 31,000, wanda ban sa shi a lissafin farko ba sam. Daɓen ɗakin ango ya rage, da farar ƙasa.

Kawu ya zo da sabuwar magana. Zai buɗe rumfa a Gujungu ranar kasuwa, yana so waya biyu su riƙa ganin bashi ɗaya. Wannan karon da kansa ya tambaya, "Shafe ne ko bango?" Na ce bene ne, Kawu. Sai an samu inda wayoyin za su riƙa haɗuwa a intanet, da kuɗin wata-wata, da dabarar abin da za a yi in duka biyun sun rubuta a kan mutum ɗaya alhali babu sabis. Abin da ya sauƙaƙa, lambar shaida da teburin shige da fice za su iya ɗaukar wannan nauyi, da a tsohon tsari ne ko farawa ba zan yi ba. Mun ajiye sai bayan kaka. Yanzu lokacin fitar taki ne, ba zan taɓa wayar shago ba sai dole.

Alhamis, 29 ga Mayu

Ruwan farko ya sauka daren jiya wajen ƙarfe biyu, da iska mai ƙarfi daga gabas. Na fito da tocila. Bakin ƙofar Inna a bushe, tana zaune a kan gado tana jan carbi, tabarmarta a shimfiɗe inda take. Ɗakin ango lafiya, sai ƙarar kwano.

Zaure ne ya ba da matsala. Indararon kusurwar kudu gajere ne, ruwan bai yi nisa ba, ya riƙa bin bango yana sauka, da safe na tarar ya ci makuba ya yi kwari mai tsawon hannu. Baba ya zo ya duba, ya ce a sa mai tsawo, a ɗan ƙara masa gangara, a cike wurin tun bango bai jiƙe ciki ba. Indararo 3,500, shi da yaro ɗaya gobe da safe kafin masallaci.

Yaron shago ya turo saƙo, wai in sunan mutum ya yi tsawo adadin kuɗin yana faɗawa ƙasan layi ba ya ganuwa sosai. Wannan ba ya taɓa rumbu. Zan gyara ranar Asabar, in ɗauki kwafi tukuna, in kai masa da kaina. Daɓe ranar Litinin, siminti buhu 3 ya rage, Baba ya ce sai an ƙaro biyu.